Zabi Biyu Zuwa Abuja

Tun da na dawo daga Abuja ban taɓa gama tankaɗe ba tare da wata ta yi sallama ba. Wadda ta zo aron turmi sai ta gyara zani ta zauna: "Habi, ba mu labari." Na ba Yahanasu, na ba Talatu, na ba matan gidan Liman har sau biyu, kuma kowacce in ta fita sai ta ƙara nata gishirin. Jiya har na ji wai jirgin sama na hau. Shi ya sa na ce wa Safiya, autata, ta ba ni ragowar littafin makarantarta. Yaƙi da jahilcin da na yi a zauren Dagaci ai ba don ado na yi ba. Zan rubuta yadda aka yi, wadda ta iya ta karanta wa wadda ba ta iya ba. In kun ga harafi ya karkace, ku yi haƙuri.

Kun dai san Yayansu. Ɗan fari ne, don haka ko a takardar nan ba za ku ga sunansa ba, tun da na haife shi bakina bai taɓa kama sunan ba. Ya gama jami'ar nan ta wajen Rijiyar Zaki, ya yi hidimar ƙasa, ya zauna yana taya Malam noma, sannan Allah ya ba shi aikin gwamnatin tarayya a wata ma'aikata. In aka tambaye ni me yake yi, sai in ce ofis, don ni ma iyakar sanina ke nan.

Bayan an cire gyaɗa ya kira mahaifinsa a waya. Ina gefe ina ɓara, kunnena na wurinsu. Ya ce shekara biyun gwaji sun cika, ya ci jarrabawar da ake yi musu, abin da ya rage shi ne shugabarsa, wata mata da suke ce wa Darakta, ta rubuta yadda ta ga aikinsa ta sa hannu. In ta sa, sai a ba shi takardar tabbatarwa, ya zama cikakken ma'aikaci. In ba ta sa ba, ko a ƙara masa wa'adi ko a sallame shi. Ashe duk zaman nan da muke cewa ɗanmu ya samu aiki, a aro yake.

Malam ya ajiye waya ya ce, "Habi, mun yi abin kunya. Mace ta riƙe mana yaro shekara biyu, ko sannu ba mu je mun yi mata ba. Lokacin da na kai shi wurin Malam Iro karatun allo, hannu haka na je?"

Na ce, "Da damin gero ka je."

"To. Ni ga gwiwar nan. Kuma mace ce, ke ya kamata ki je."

Ni da ko Ɗambatta sai in da rasuwa nake zuwa! Amma maganar yaron nan ce. Na soya man gyaɗa jarka guda, na yi ƙuli-ƙuli, na ƙulla daddawa, Malam da kansa ya zaɓo zabi biyu masu ƙiba aka ɗaure musu ƙafa aka sa a kwando. Muka gaya wa Yayansu ina nan tafe ganinsa. Maganar Darakta kuwa Malam ya ce a bari sai na isa.

Da sassafe ɗan acaɓa ya kai ni Makoɗa, kwando a cinyata. Daga nan bas zuwa Kano, aka sa ni a motar Abuja. An ba ni kusa da taga, zabi a ƙarƙashin kujera. A gefena wata ma'aikaciyar asibiti ce 'yar Gwarzo, Allah ya yi mata albarka, ita ta riƙa gaya min sunayen garuruwa. Na roƙe ta in mun zo fita daga ƙasar Kano ta taɓa ni in yi addu'a. Wallahi na zaci ƙofa zan gani da masu gadi. Can bayan Kwanar Ɗangora ta ce, "Inna, mun fita." Na leƙa. Wani allon ƙarfe ne kawai, akuya na kwance a inuwarsa. Dawar wannan ɓangare da ta wancan duk tsayinsu ɗaya.

Ba mu yi nisa ba muka zo shingen jami'an hanya. Ɗaya ya leƙo ya ce me ke cikin kwando. Kafin in buɗe baki zabi suka ba shi amsa da kansu, har ya ja da baya. Sai ya haɗa fuska ya ce, "Hajiya, ina takardunsu?"

Ni kuwa na ɗauka da gaske yake. Na ce, "Ranka ya daɗe, ba su da takarda. A gida aka ƙyanƙyashe su, kaza ce ma ta yi kwancinsu."

Mota ta ɗauki dariya, shi ma jami'in har da dafa ƙofa. Direba ya ce, "Inna, in mun shiga Abuja kada ki faɗi haka, su can ko kaza da lambarta." Daga nan har muka rabu ba wanda ya ƙara kira na da komai sai Uwar Zabi.

Abin da ya ba ni mamaki a hanya shi ne fili. Mu nan gona na dafe da gona, in ana daka a ƙauyen gaba kina jin taɓarya daga tsakar gidanki. Can bayan Kaduna sai a yi ta tafiya ba gida ba ɗan Adam, sai itatuwa. Na ce wa 'yar Gwarzo, "Wannan ƙasa duk ba mai ita?" Ta ce da masu ita. Na ce to ba su san Malam ba, da ya zo ya roƙi ko gefe ne.

A Tafa aka tsaya salla da cin abinci. Nan na fara cin sakwara. Tana da daɗi, ban ce ba ta da daɗi ba, amma kina haɗiya sai ki ji kamar ba ki ci komai ba, sai kin miƙe tsaye ki ji ta zauna miki kamar dutsen niƙa. Miyar kuwa ba daddawa. Na so in kwance ƙullina in ba mai abincin kaɗan, na tuna ba nawa ba ne.

Bayan la'asar muka isa Zuba. Ina saukowa na hango shi. Ya zo ya durƙusa a cikin mutane, da rigarsa ta ofis, ya ce, "Inna, sannu da hanya." Na kau da kai na ce, "Yauwa. Ya aiki?" Amma da wutsiyar ido na gama ƙare masa kallo. Yaron nan ya rame. Wuyan rigarsa har yana yawo.

Masaukinsa a wata unguwa ce bayan Kubwa. Ku da kuke cewa yana zaune a bene, to ɗaki ɗaya ne da ɗan lungun girki, a gidan haya mai ƙofofi a jere kamar shagunan kasuwa. Ya bar min ɗakin ya koma wurin abokinsa. Ruwa saye ake a wurin masu kura. A gidan akwai kowace ƙabila, kuma mutum zai wuce ki da safe ya ɗaga miki hannu kawai, ba ina kwana ba ina gajiya. Washegari na bi ƙofa-ƙofa na gaishe su, har wata ta zaci wani abu nake sayarwa. Wadda muka saba da ita ita ce ta ɗakin kusa, Maman Bilesin, mutuniyar Binuwai mai sayar da lemo. Hausarta ta fi ta wasu 'yan bokonmu.

Da yamma, yana cin tuwon da na yi masa kamar wanda aka sako daga wani wuri, na ce, "Wai ni, mene ne aikin naku?"

Ya ce, "Inna, in gwamnati za ta fito da wani tsari, misali na taki ko iri, ba haka kawai ake tashi a yi ba. Mu muke tattaro bayanai daga jihohi, mu karanta, mu rubuta wa manya takarda: ga halin da ake ciki, ga hanyoyin da za a iya bi, ga abin da kowacce za ta haifar."

"To kai ne kake raba takin?"

"A'a."

"Kai ne kake cewa a raba?"

"A'a, Inna. Ni nake rubuta wa wadda za ta gaya wa wanda zai ce a raba."

Na ce, "Allah ya kyauta. Talatu ta ce in karɓo mata buhu biyu."

Ya yi dariya har ya ƙware. Da na ga ransa ya yi fari sai na kawo maganar Malam. Nan take dariyar ta ɗauke. Ya ajiye cokali.

"Inna, don Allah kada ki yi. Dokar aiki ta hana. Fayil ɗina yana kan teburinta yanzu haka. In aka ga kin kai mata wani abu, cewa za a yi saye muka zo yi. Ni da ita duk sai mu shiga uku."

"Saye? Da zabi? Gaisuwa ce fa. Mahaifinka ne ya aiko."

"Na sani. Ni na sani. Su ba su sani ba."

Na kwashe kwanuka, ya zaci na haƙura. Ni kuwa a raina cewa na yi, kunya ce irin ta yaran yanzu, ba sa son a ga iyayensu da kwando. Kuma da wane baki zan koma in ce wa Malam ban kai ba? Tun da aka kawo ni gidansa bai taɓa aikena na dawo masa da saƙo ba.

Rana ta uku, ya fita tun da duku-duku don ya samu motar ma'aikata, wai akwai littafin da ake sa hannu, in an ja layi ba ka zo ba ka makara. Na yi wanka, na sa atamfata ta salla, na ɗauki kwando da jarka. Maman Bilesin ta san inda ofishin yake. Ta ce, "Mama, ya san za ki je?" Na ce zai sani. Ta sa ni a mota ta yi wa kwandasta bayani.

Jama'a, gidajen gwamnati! Dogaye, iri ɗaya, kamar an haife su rana ɗaya. Na tambayi mutum huɗu kafin na samu ƙofar. A bakin ƙofa akwai ɗan ɗaki da wani dattijo mai gadi, mutumin Azare, da babban littafi a gabansa. Muka gaisa sosai, shi dai ya san gaisuwa. Ya ɗauki biro ya ce, "Wurin wa kika zo, Hajiya?"

Na ce, "Wurin yaron nan."

"Wane yaro?"

"Dogo ne, baƙi, da ɗan gemu. Na Makoɗa."

"Hajiya, dogaye baƙaƙe masu gemu a gidan nan sun fi gashin zabin nan yawa. Sunansa nake so."

Na tsaya. Ga mutane a bayana suna jira. Na buɗe baki, wallahi sunan ya zo har maƙogwaro ya koma. Na ce, "Yayansu Safiya ne."

Dattijon ya cire tabarau ya dube ni. Sai ya yi murmushi ya ce, "Ɗan fari ne?" Na sunkuyar da kai. Ya ce, "Allahu akbar. Tawa uwar har ta koma ga Allah ba ta kira nawa ba. Kawo wayarki." Ya duba inda Safiya ta rubuta Yaya, ya kira, ya ce ga baƙuwa a ƙofa. Ya nuna min benci ya ce in jira, suna cikin taro.

A bencin nan Allah ya taimake ni. Wasu 'yan mata biyu ma'aikata, da katin aiki rataye a wuya, suka tsaya kusa da ni suna jiran mota. Suna magana rabi Turanci rabi Hausa, sun ɗauka tsohuwar ƙauye ba ta bin zance. Ku kuwa kun san kunnena. Ɗaya ta ce, "Kin ji na wancan ɗan hawa na uku? Har yanzu fa fayil ɗinsa na wurin kwamiti." Ɗayar ta ce, "Wanda kawunsa ya kai wa oga rago?" Ta ce, "Shi. Wani ya gani ya rubuta ƙorafi. Shi bai ma san an kai ba. Abokan shigarsa duk an tabbatar da su, shi yana nan." Sai zabi suka yi kuka. Ta waiwayo ta dubi kwandon, ta rage murya ta ce, "Allah dai ya sa wannan ba ofishin wani za ta ba."

Ashe ba kunya ba ce ta sa yaron nan ya roƙe ni. Gaskiya ya faɗa min, ni ce na ƙi ji don ni na haife shi. Na dubi kwandon nan, na rasa inda zan tura shi. Na ja mayafi na rufe, suka ƙara ƙarfin kuka.

Ina cikin haka na hango shi yana saukowa da sauri, fayil a hannu. Da ya ga kwandon sai ya tsaya cak. Fuskarsa irin wadda ya yi ce ranar da ya faɗa rijiyar lambu yana ƙarami. Kuma a bayansa ga wata mata gajera mai furfura da tabarau, mutane na ba ta hanya suna "Ma, Ma." Ashe ita ce Darakta, taron tare suka fito. Ta ce masa wani abu da Turanci, ya amsa da ƙyar. Sai ta nufo ni.

"Mama, sannu da zuwa! Ina gajiya? Ina mutanen Kano?" Ashe a Bichi ta yi hidimar ƙasa, ta koyar a makarantar 'yan mata. Muka gaisa. Sai ta dubi mayafin da ke motsi a ƙasa ta ce, "Me Mama ta kawo mana?"

Mai gadi ya daina rubutu. 'Yan matan nan biyu suka juyo. Na tuna Malam da gwiwarsa yana bin zabi a bayan gida. A zuciyata na ce, Malam ka yafe ni, na ba yaron nan su, halak malak. Sannan na buɗe baki, don kada in yi ƙarya.

Na ce, "Ranki ya daɗe, wannan na yaron nan ne. Kin gan shi, wuya kamar na zakara, ba ya cin abinci. Ke kuwa gaisuwa mahaifinsa ya aiko ni in yi miki. Ga ta." Na buɗe mata tafin hannuna biyu, ba komai a ciki.

Ta dube ni, ta dubi kwandon, ta sake dubana. Matar nan ta gane komai, na ga haka a idonta. Sai ta sa hannayenta biyu a cikin nawa ta ce da ƙarfi, yadda kowa zai ji, "Na karɓa. Wannan ita ce irin wadda nake karɓa." Ta ce wa mai gadi ya ajiye wa ma'aikacinsu kayansa, ni kuma in zo in ga inda ɗana yake aiki.

Aka sa ni a wani akwatin ƙarfe, ƙofa ta rufe da kanta, ƙasa ta tafi da cikina. Na riƙe hannun Darakta gam ina salati, ita tana dariya. Ofishinsu kuwa tebura ne da kwamfutoci da fayil-fayil har kan taga, ga sanyin na'ura kamar cikin randa. Na ga kujerarsa a lungu. A nan yake wuni.

A ofishinta ta ba ni shayi, ta ce masa ya jira a waje. Ta ce, "Mama, da kin miƙo min kwandon nan, ko ban karɓa ba, dole in cire hannuna daga fayil ɗinsa in tura wa wani. Kuma wanda zan tura wa bai san aikinsa ba." Ta jawo wata takarda ta ce shi ya rubuta, ta fassara min. Wai za a yi wani tsari na taimakon masu gyaɗa, kuma takardar rajistar tana tambayar girman gona. Shi ne ya rubuta cewa matan da ke soya mai da ƙuli-ƙuli a cikin gida ba su da gona da sunansu, ga shi ta hannunsu gyaɗar ke bi kafin ta kai kasuwa, in aka bar tambayar haka ba mace ɗaya da za ta shiga. Ya kawo yadda za a gyara. Ta ce maganar ta wuce ta, ta hau sama, ana dubawa.

Ta ce, "Na tambaye shi a wane littafi ya samo wannan. Ya ce a tsakar gidansu, yana riƙe wa mahaifiyarsa turmi."

Kun san ba a yabon ɗan fari a gaban uwarsa ta amsa. Na dubi kofin shayi na ce, "To. Allah ya sa yana jin magana." Amma sai da na sa bakin mayafi a ido, na ce mata sanyin na'urar ne.

A hanyar komawa bai yi min faɗa ba, ni ma ban ba shi haƙuri da baki ba. Ya ɗauki kwandon, na ɗauki jarka. Da muka isa aka yanka zabi, na yi farfesu da daddawar gida, na zuba wa duk ƙofofin gidan hayar. Washegari mutum uku suka tsaya suka ce min ina kwana. Shi kuwa na tsare shi sai da ya cinye cinya biyu.

Da na dawo gida na zauna gaban Malam na faɗa masa komai, ban rage ba. Ya daɗe yana jan carbi. Ya ce, "Ta amsa gaisuwar?" Na ce ta amsa, hannu biyu. Ya ce, "To an kai." Can kuma ya ce, "Zabin dai da kin dawo min da ɗaya."

Muka shiga jira. Duk kiran da ya shigo sai in bar abin da nake yi. Ana gab da fara sharar gona, ina tsakar gida ina suya, Safiya ta fito da gudu da waya: Yaya ya turo hoton takarda. An tabbatar da shi. Malam ya yi hamdala ya fita gaya wa mutanen masallaci, gwiwar ma ya manta da ita.

Na goge hannu na ce ta ba ni in gani. Ta ce, "Inna, Turanci ne fa." Na ce na sani, ba ni. Na bi layukan da yatsa, ban gane ko ɗaya ba, har na zo kan kalma guda da na iya. Ita ce ta farko da na roƙi malamar yaƙi da jahilci ta koya min a asirce, na ce mata sunan wani ɗan maƙwabta ne.

Safiya ta ce, "To karanta mana mu ji."

Na ce, "Tafi ki duba min mai kada ya ƙone."

Da ta tafi na karanta shi sau uku, a zuci.